Kaset a Tukunyar Toka

Naziru bai gama kafe babur ɗinsa a ƙofar gida ba ya hau kwance robar da ya ɗaure talabijin da ita. Tsohuwar talabijin ce mai ƙeya, ya aro ta a wajen maƙwabcin shagonsa a Kano, inda yake gyaran wayoyi. Tun daga Bacirawa ya goyo ta, ya ratso Minjibir, ya shigo burtalin ƙauyensu yana kauce wa kwatamin ruwan sama kamar mai goyon jinjiri.

Yayarsa Kulu ce ta fara leƙowa daga zaure, hannunta duk mai, don ranar ta shigo gidan mahaifiyarsu suyar ƙuli-ƙuli.

"Ikon Allah," in ji ta. "Wata huɗu ana cewa ka zo ka ga Inna kana cewa aiki ya yi yawa. Jiya na ce maka an tsinci gem ɗinka na wasan talabijin, yau ga ka tun hantsi bai dubi ludayi ba."

"Haba Yaya Kulu, zumunci ne ya kawo ni."

"Na ga zumuncin, har da eriyarsa."

Ya shiga ya durƙusa ya gaida Inna Hure, ya tambayi ƙafarta, ya tambayi damina. Amma duk gaisuwar nan idonsa na kan wani tsohon kwando da ke gindin rumbu. Ɗakin mahaifinsu marigayi Malam Sama'ilu ne ya fara yoyo, aka fito da kayan ciki za a gyara rufi, shi ne Kulu ta ci karo da abin a ƙarƙashin gado, naɗe cikin buhun taki.

Ya buɗe buhun cike da murna. Ga ta nan, 'yar akwati launin ƙasa-ƙasa, da madannai biyu masu wayoyi, da rubutu a goshinta wanda har yau ba a sami mai karanta shi ba. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya Baba ya sayo masa ita a wajen wani mai gwanjo a birni, bayan kakar gyaɗa. A lokacin yaran Minjibir duk gem ɗin ƙwallo suke yayi, kowa ya san sunansa, ana musayar kaset ana aro. Baba kuwa bai san wannan ba. Ya ga wadda ta fi nauyi, ya ɗaga ta ya ji ta cika hannu, ya ce wannan ce mai ƙarko.

Kaset ɗaya tak ta zo da shi, dogo kamar sandar sabulu, kuma ba ya shiga gem ɗin kowa, na kowa ba ya shiga tasa. Yaran makaranta suka sa wa 'yar akwatin suna Bulo. Naziru ya yi kuka kwana biyu, rana ta uku wani mai gyaran rediyo ya haɗa masa ita da batirin mota da talabijin ɗin Baba marar kala, daga nan kukan ya ƙare.

Wasan na wani ɗan mutum ne mai ɗauke da wani abu a ka, suka sa masa Mai Tulu. Yana fitowa daga wata 'yar bukka, ya ratsa daji, ya hau duwatsu, sai ya tarar da kogi cike da kadoji. A nan Naziru ya tsaya. Sau ɗari ya yi tsalle, sau ɗari kada ya cafke Mai Tulu. Amma da yake ba mai irin gem ɗin a duk ƙasar Minjibir, ba mai ƙaryata shi. Ya gaya wa 'yan ajinsu cewa ya cinye wasan, wai a ƙarshe jirgin sama ne yake sauka ya ɗauki Mai Tulu ya kai shi Makka. Har masu gem ɗin ƙwallo suka riƙa kallonsa da daraja. Yau shekara ashirin da biyar ke nan, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya uku, ya ajiye tumbi, amma bai san abin da ke ƙetaren kogin nan ba, kuma abin yana ci masa rai fiye da yadda zai iya gaya wa babban mutum.

Ya zazzage buhun, ya sake zazzagewa. Ya juye kwandon.

"Yaya Kulu, ina kaset ɗin?"

"Abin da na gani ke nan na ajiye maka."

Ya shiga ɗakin Baba ya ɗaga tabarmi, ya leƙa tsofaffin akwatuna, ya tura hannu saman katanga har ya taɓo gidan zanzaro. Babu. Ya san kasuwa, ya san ko zai zagaye Kano shago-shago ba zai sami wani irinsa ba. Ya fito da yanar gizo a hularsa ya zauna a kan turmi ya yi tagumi.

Inna Hure tana tsintar wake a faifai, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "In sandar sabulun nan kake nema, tana wajena."

Naziru ya miƙe zumbur. "Inna! Yana ina?"

"Inda babanku ya ce in ajiye. Cewa ya yi abin ba ya son danshi, ba ya son ƙwari. Ni kuwa wuri ɗaya na sani da danshi da ƙwari ba sa zuwa."

Ta nuna tukunyar iri da ke lungun madafa, wadda aka liƙe bakinta da laka. A nan take adana waken shuka cikin toka, kamar yadda uwarta take yi. Duk shekara in an fasa tukunya za a yi shuka sai ta ciro kaset ɗin ta kakkaɓe, in kaka ta yi ta mayar da shi cikin sabuwar toka da sabon iri. Sau ashirin da biyar ta yi haka, ba wanda ya taɓa tambayarta.

Kulu ta saki matsamin ƙuli tana dariya har da riƙe ciki. Naziru kuwa ya nufi tukunyar.

"Dakata," in ji Inna. "Ba a ce in ba ka ba."

"Wa zai ce?"

"Wanda ya ba ni ajiya. Ka manta ranar da aka karɓe shi? Ana noman fari a gonar bakin rafi ka ce cikinka na ciwo, ka gudo gida, babanku ya biyo sawu ya tarar da kai kana ta danne-danne. Ya zare abin ya miƙo mini ya ce, kada ki ba shi sai ya nome kunya ukun da ya gudu ya bari. Sati na zagayowa ka tafi makarantar kwana. Ka nome su?"

"Inna, ai Baba ya yafe. Shekara nawa?"

"Allah ya ji ƙansa, ya yafe maka abubuwa da yawa a gabana, amma ban ji ya ambaci wannan ba. Ni amana aka ba ni." Ta ci gaba da tsintar wakenta. "Gonar tana nan inda ka bar ta. Ciyawa ma ta fito, gobe nake shirin neman masu noma."

Ya dubi Kulu ko za ta sa baki. Ita kuwa har ta shiga ɗaki ta fito da fartanya, ta miƙa masa da hannu biyu kamar mai ba da kyautar Sallah.

Haka Naziru mai gyaran waya ya tuɓe shaddarsa ya rataye a reshen darbejiya, ya naɗe ƙafar wando, ya shiga gonar gero daga shi sai singileti. A ƙasarsu gona tana jikin gona ne, ba a yin komai a ɓoye. Kafin ya kai rabin kunyar farko maƙwabta sun dogara da fartanyoyinsu suna kallo. Abdulƙadir, wanda suka yi aji ɗaya a firamare, ya ɗago murya daga gonarsa.

"A'a, mutanen birni! Waya ta ƙare ne a Kano?"

"Bashin Baba nake biya," in ji Naziru yana haki.

"To a bi a hankali, wannan da ka sare gero ne, ba ciyawa ba!"

Kunyoyin gonar bakin rafi dogaye ne, ya manta da haka. A ta biyu bayansa ya fara ƙara, tafin hannunsa ya yi bororo. A ta uku kuwa wani abu ya dawo masa, jikinsa ya tuna yadda Baba yake karkata fartanya ya ja ƙasa zuwa gindin shuka, sai ya ji aikin ya daidaita. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika masa hanci. Ya tuna Baba yana gaba yana noma yana ɗan waƙe-waƙensa, ya ji kewarsa ta kama shi, amma kewa mai daɗi. Ana kiran azahar ya kai ƙarshe, ya zube a gindin bishiya yana dariya shi kaɗai.

Inna ba ta yarda da baki ba, sai da ta aika aka tambayi Abdulƙadir, ya ce an nome, illa dai gero bakwai sun riga mu gidan gaskiya. Sannan ta ɗauko dutse ta fasa lakar bakin tukunya, ta tura hannu har gwiwar hannu cikin toka, ta zaro wani ƙunshin tsumma. Kaset ɗin ya fito fes, ko tsatsa babu a haƙoransa.

Bayan sun yi salla sun ci dambu, Naziru ya shimfiɗa tabarma a rumfa, ya jona talabijin da batirin solar gidan. Ya goge haƙoran kaset da burushinsa na aiki, ya hura shi sau uku kamar yadda yake yi yana yaro, ya yi bisimilla ya danna. Allon ya yi yayyafi, ya yi layi-layi, ya yi baƙi. Sai ga ɗan kiɗan nan siriri kamar na sarewar kara, ga Mai Tulu ya fito daga bukkarsa.

"Wayyo Allah, ashe rigarsa koriya ce!" Naziru ya yi ihu. Bai taɓa ganinsa a talabijin mai kala ba.

Ya ratsa daji, ya haye duwatsu, yatsunsa ba su manta komai ba. Ya iso kogi, ya yi tsalle, kada ya cafke. Ya sake, aka sake cafkewa. A karo na tara bororon hannunsa ya fashe, ya ajiye madannin yana yarfe hannu.

Kulu ta goge hannu a zaninta ta zauna. "Miƙo nan."

"Yaya, ba a taɓa koya miki ba fa."

"Wa ya koya maka kai? Kana tsammanin in kun tafi gona batirin da kansa yake shanyewa?"

Ta kama madannin da yatsun da suka saba murza ƙuli. Da ta zo bakin kogi ba ta yi tsalle ba, ta tsaya cak. Kadojin suka buɗe baki, suka rufe. Suna rufewa ta taka kan na farko, ta jira, ta taka na biyu, ta jira, tana tafe kamar mai tsallaka kwata a kan duwatsu.

"Kai kullum so kake ka tsallake su gaba ɗaya," ta ce. "Ba abokan gaba ba ne, su ne gadar."

Haka ta ƙetare kogin. Mai Tulu ya hau tudu, ya bi wata 'yar hanya, kiɗan ya sauya. Ba jirgi, ba Makka. Bukkar nan ce dai da ya fito daga cikinta tun farko. Wata 'yar tsohuwa ta fito, ta sauke masa tulun, ya zauna a ƙofar ɗaki yana kaɗa ƙafa.

"Kin san haka tun da can?" ya tambaya. "Kina ji ina cewa jirgi?"

"Ƙanina na cin suna a makaranta, ni ce zan tona shi?"

Inna Hure ta matso da fuskarta kusa da allon ta ƙura ido. "Au, ashe ɗiban ruwa aka aike shi. Shekara ashirin da biyar! To, ya dai dawo, Allah ya yi masa albarka."

Suka yi dariya har Kulu tana share hawaye. Naziru ma ya yi, amma ya daɗe yana kallon ɗan mutumin da ke zaune a ƙofar uwarsa.

Da la'asar ya sa shaddarsa zai koma. Da niyyar tafiya da Bulo ya zo, har ya share mata wuri a shago inda abokai za su gani. Ya ɗauki robar ɗauri ya tsaya yana jujjuya ta, sai ya cusa ta a aljihu. Ya ɗauki talabijin ɗin ya kai ɗakin Inna, ya ce zai yi wa mai ita bayani. Sannan ya naɗe kaset ɗin a tsummansa ya miƙa mata.

"A mayar da shi toka, Inna. Ban ƙetare da hannuna ba tukuna. Ran Asabar zan dawo."

Inna ta karɓa ta soke a bakin zani.

"Allah ya kai mu," ta ce. "Ka zo da wuri. Ran Asabar ake shukar wake."