Ƙwayar Jatau da Tafaddal

Jatau shi ke jan masu yankan riɗi zuwa gonakin Simsim duk kaka, tun gashinsa na baƙi. Bana jiri ya kayar da shi a kasuwar Gadarif ta ƙasar Sudan, aka auna aka ce jininsa ya hau. Matarsa Sakinatu ta ɗauke laujensa ta kulle a akwati.

"Sai jinin ya sauka. In ka faɗi a gona wa zai ɗauko ka, Malam?"

Riɗi kuwa ba ya jiran kowa. In ya nuna ba a yanka ba sai ya fashe ya zube, kuma wakilin gona ya riga ya fara tambayar sunan wanda zai maye gurbinsa.

Likitar da ta auna shi yarinya ce, Israa, sa'ar jikarsa. Ta ba shi ƙwayoyi ta ce, "Ya hajj, ni ba zan bi ka gida ba. Jinin naka ne. Kai za ka zaɓi lokacin da ba ka mantawa, kullum ka haɗiyi guda."

Jatau ya ji daɗi, an ba shi sarauta. Ya zaɓi lokacin jabana, gahawar safe a rumfar Asha, wadda ko ranar da aka haifi ɗansa bai fasa ba.

To amma a Gadarif wa zai kai abu baki gaban mutane bai ce tafaddal, wato bisimilla, ba? Ya ɓare ƙwaya, ido shida na kansa. Ya miƙa.

"Tafaddalu."

Gado mai gyaran taya ya karɓa don kada ya kunyata shi. Husain, abokin shan gahawarsu, ya karɓi biyu, ɗaya ta surukarsa. Asha ta ce ita ma kanta na sarawa. Kafin a je ko'ina kwali ya zama fanko, Gado kuma, wanda da ma jininsa bai cika kofi ba, ya tashi daga kan taya ya kife a gindin lori.

Da Jatau ya koma, Israa ta ɗaura masa abin awo, ta dubi lambar, ta dube shi.

"Ina maganin?"

"An sha."

"Wa ya sha?"

"Jama'a."

Ta dafe kai. "Dabino na ba ka, ya hajj?"

"'Yata, ke kika ce in zaɓa. So kike a ce Jatau ya tsufa ya koyi ci shi kaɗai?"

Ba ta yi masa wa'azi ba. Ta turo sabon kwali ta ce, "To sake zaɓa. Ina ne ba mai ganinka?"

Ya yi tunani. Gida baƙi, masallaci jama'a, gona an fi ko'ina ido. Duk faɗin Gadarif wuri guda ne ba a cewa tafaddal.

Tun daga ranar, da safe sai ya ɗauki buta, ƙwaya a cikin hula. Bisimillarsa a bakin ƙofa yake yi, don ciki ba a ambaton Allah. Gishirin miya kuma shi da kansa ya ce a rage, yana ci yana zagin miyar.

Jinin ya sauka ana gobe lorin masu yanka zai tashi. Sakinatu ta je da kanta ta ji daga bakin likita kafin ta yarda ta fito masa da laujen.

A Simsim ba makewayi, sai dawa. Kullum da hantsi yaransa na ganinsa ya kutsa ciki da buta, suna cewa duk kambo, sansanin masu yanka, ba mai lafiyar ciki irin ta tsoho.