Sensa Mai Hula

Tun da aka ɗaura sensa, ƙaramar na'urar auna rawar inji, a jikin babbar fankar masana'antar, Injiniya ya daina gaisawa da injin da hannu. A da sai ya dafa murfin boris, ƙarfen da sandar fankar ke juyawa a cikinsa, ya ji ɗuminsa da rawarsa. Yanzu kuwa allon kwamfuta yake kallo daga ofis, ga shayi a gefe.

Sensar ba ta wuce babban yatsa ba. Naɗin waya ne a cikin kanta, ana kafa ta dab da sandar ƙarfen da ke juya fankar, amma ba ta taɓa ta. Ƙarfen da ke gabanta in ya matso ko ya ja baya, ko da kaurin gashi ne, sai ta kai ƙara. Idan boris ya fara ci, sandar ta fara rawa, layin da ke kan allo zai yi tsalle. Da wannan bayani Injiniya ya shawo kan Manaja aka daina tsayar da aiki don duba boris. Ya kuma faɗa a gaban kowa cewa in wani abu ya faru, a bakin aikinsa.

Layin kuwa ya kwanta samɓal wata da watanni, kamar da rula aka ja shi.

Ranar da masu kamfanin suka zo zagaye, Manaja ya shigo da su ofis don su ga wannan layi mai albarka. Ana cikin yabo, kofin shayin Injiniya ya kama hanya shi kaɗai, ya ratsa tebur a natse, ya faɗa ƙasa.

"Babbar mota ce ta wuce," in ji Manaja.

Babu motar da ta wuce. Injiniya ya dubi allo, layi na kwance abinsa. Ya ce a yi masa uzuri, ya sauka da sauri.

A ɗakin injin, ƙasa na kaɗawa har cikin haƙoransa, wurin na warin ƙonannen giris. Ya durƙusa ya leƙa ta ragar kariya. An sa wa sensar hula. Hula ta ƙarfe, an goge ta tana ƙyalli, ta rufe kanta ruf.

"Yaya, ka gani ko?"

Auta ne, mai waldar kamfanin, ƙanin matar Injiniya. Injiniya da kansa ya samo masa aikin, bayan da aka yi mako ana ba shi abinci ba a yi masa magana a gida.

"Wa ya yi wannan?"

"Wa kake da shi ban da ni? Ba kai ka ce abin nan ya fi motarka tsada ba, kada ƙura ta taɓa shi? Na ɗan ja ta baya, na yi mata murfi. Ko sisi ban nema ba."

"Yaushe?"

"Kashegarin da aka ɗaura ta. Yaya, lafiya? Ka ga fuskarka kuwa?"

Injiniya ya sake duban hular. Ashe duk watannin nan sensar hularta take aunawa, kuma tsakani da Allah ba ta taɓa yin ƙarya ba: hular ba ta motsa ko sau ɗaya ba. Sandar kuwa tana rawa kamar za ta tsinke ta fito ta bango, ga mutane suna aiki a bayan bangon.

Ya ɗaga kai. Ta gilashin ofis yana hango Manaja yana nuna wa baƙi allo da tsinin biro. Ya miƙa hannu ya danna jan maɓallin tsayarwa.

Fankar ta yi wani dogon gurnani ta mutu. Sauran injinan suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, har aka fara jin tarin wani ma'aikaci a can ƙarshen zauren. Hayaƙi na tashi siriri daga murfin boris. Manaja ya fito kan matakala, baƙi na bayansa, biron har yanzu a hannunsa, bakinsa a buɗe.

Injiniya ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwar wandonsa, yana neman kalmar da zai fara da ita.

Auta ya matso kusa da kunnensa, cikin muryar mai son a san alherinsa.

"Yaya, in za ka faɗa musu, ka faɗa duka. Ba ita kaɗai ba ce. Duk sensar da ke kamfanin nan na yi mata hula."