Ramin Baba Mai Dashe

"Ba zan yi masa allurar ba, Yallaɓai."

Shugaban ɗakin ajiye gawa ya ɗago kai ya dube ni kamar firji ne ya yi magana. Shekara huɗu ina aiki a ƙarƙashinsa, ni ce mai ɗura wa gawa maganin hana ruɓewa, ban taɓa ce masa a'a ba.

"Ɗansa Injiniya ya bugo daga ƙasar waje. A adana shi mako biyu kafin a gama ginin kabarin siminti. Ke a su wa?"

"Ni maƙwabciyarsa ce."

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Baba Mai Dashe, tsohon da ke rainon itatuwa a baƙaƙen ledoji yana sayarwa. A ƙarshen lambunsa, da izinin hukuma a rubuce, ya haƙa ramin kansa tun shekara uku da suka wuce. Kullum da safe sai ya zuba busasshen ganye a ciki, ya yayyafa ruwa, ya cire takalmi ya shiga ya kwanta. Ranar da na fara hango shi ta saman katanga, ido rufe, ƙuda a goshi, saura ƙiris in kurma ihu.

"Likitar matattu, kwantar da hankalinki, ban zama naki ba tukuna," in ji shi, bai ko buɗe ido ba. "Gwaji nake yi."

"Baba, wannan ai neman magana ne."

"Ke kina tarewa a ɗakin da ba ki duba ba? Zo ki gaida masu gida." Ya ɗago hannu cike da baƙar ƙasa, tsutsotsin tana suna motsi a ciki. "Shekara hamsin ina ci daga hannunsu. Yi min alkawari ba za ki kai musu ni da guba a jiki ba."

Na yi dariya, amma na yi alkawarin. Da asubar ranar da muke wannan jayayya da Shugaba aka tsince shi a mace a tsakanin ledojinsa, ga shi yanzu a kan teburin ƙarfe a gabana.

"Ko ki ɗauki sirinji, ko ki ajiye farar rigar nan," in ji Shugaba. "Abokin aikinki zai karɓe ki ƙarfe huɗu. Shi ba shi da maƙwabci."

Na cire rigar na ninke ta. Da na zo lulluɓe Baba sai na ga hannunsa na dama a dunƙule, wani farin tsiro siriri ya leƙo ta tsakanin yatsunsa. Na san abin da karatu ya ce: irin ya riga ya tsaga tun kafin ya ɗauka. Amma ni na karɓe shi da safe, ni na duba hannun, ban ga komai ba.

Na ɗauki takardar karɓar gawa na nufi unguwarmu. Matarsa Gwaggo kaɗai ke da ikon sa hannu. Na tarar da Gwaggo a tsakiyar mata masu gaisuwa, ta zuba wa bango ido.

"'Yar nan, so kike ki haɗa ni da ɗana? Shi ne cina, shi ne shana."

"Gwaggo, shekara nawa kina wanke masa riga saboda ramin nan?"

"Uku. Tsohon banza, kullum bayansa baƙi ƙirin da ƙasa."

"Boko ya ci kan yarinyar nan," wata ta faɗa, yadda zan ji.

"Ya ci," na ce, ban waiwaya ba. Na miƙa wa Gwaggo tawada. Ta daɗe tana kallon babban yatsanta kafin ta dangwala.

Huɗu saura kwata muka fito da shi a akori-kurar da ke kai masa dashe kasuwa. Aka yi masa wanka, aka naɗe shi a farin ƙyalle. Mutum bakwai ne suka zo. Sauran unguwa suna tsoron Injiniya. Ina tsaye a jikin katanga na ga ganyen cikin ramin ya lotsa daidai siffar bayansa, har da gurbin ƙeya. Da suka sauke shi ba wanda ya gyara masa kwanciya. Kafin a ɗaga shebur, ƙasar bakin ramin ta fara zubowa da kanta, a hankali, ta ɓangaren ƙafa.

Kwana uku bayan haka Injiniya ya iso da akwatin gawa mai hannayen ƙarfe masu ƙyalli. Ya tsaya a ƙofarmu. Na shirya wa zagi, amma bai ɗaga murya ba.

"Ke ce?"

"Ni ce."

"Shekara tara ban ga fuskarsa ba. Mako biyu kawai na roƙa."

Ya juya ya shige gidansu.

Ban yi nadama ba, kuma ba zan yi ba. Amma aikin ya tafi, asibiti uku sun mayar min da takarduna. Injiniya ya tafi da Gwaggo ba ta ko yi min sallama ba. Matan layinmu sun daina amsa gaisuwata.

Akwatin kuwa ba wanda ya yarda ya taɓa shi. Yana nan a ƙarƙashin rumfar gidan da aka kulle, daidai saitin tagata. Damina guda ta wuce a kansa, ko tsagewa bai yi ba.