Ƙwayoyi Shida da Cinyar Jika

Shekara goma sha tara Jika na kokawa a Babankatami, bayansa bai taɓa ƙasa ba. Damin gero ne ya kayar da shi. Yana miƙa shi bakin rumbu ya ji naman bayan cinyarsa ya tsinke, a gaban matarsa Suwaiba da akuya biyu. Ga shi saura kwana goma sha biyu ya kara da Manzo, saurayin Tabotaki mai wuya kamar turmi.

Anfirmiye, ma'aikacin asibitin garin Buza, ya latsa kumburin, ya ba shi asfirin.

"Sai in ciwon ya hana ka sakat za ka sha. Zafin nan da kumburin, jiki ne ke ɗinki. Ƙwaya tana kwantar da su, ɗinkin ma sai ya yi nawa. Wata biyu, ba kokawa."

Jika ya ji batun ƙwaya tana kwantar da zafi, ya bar sauran a Buza. Ya dinga shan biyu da safe, biyu da la'asar. Ranar ta huɗu cinya ta yi tsit, ya ɗaure warki ya fita gwaji bayan gari. Taku uku ya yi, ƙafar ta lanƙwashe ba ta ko yi masa sallama ba. Kumburin ya dawo da shuɗi har gwiwa.

"Da tana ciwo da ba ka hita ba," in ji Suwaiba. "Kai ka rufe mata baki."

Ranar kokawa, Maiguwa makaɗinsa ya zo da dattawa uku.

"Sha shidda gaba ɗai, ɗan'uwa, ka shiga. Sunan gari na," in ji Maiguwa.

"Sunan gari ba shi da cinya. Ni ad da ita."

"Za su ce ka ji tsoro."

"Su ce."

Bai sha ba, bai kuma ɓuya ba. Ya hau jaki zuwa Tabotaki, ya shiga tsakiyar fili da sanda, kowane taku yana jin sa har haƙora. 'Yan mata suka fara yi masa waƙar zambo ta damin geron da ya kayar da shi. Ya tsaya sai da suka kai ƙarshe, don ya ga waƙar ta yi daɗi.

"Manzo," ya ce, "yau ko kaza ta kada ni. In gurgu kaka so, ga ni. In Jika kaka so, jira wata biyu."

Manzo ya dubi shuɗin cinyar, ya dubi mutanensa masu ihu, ya kwance layun damtsensa.

"Wata biyu, baba. Kak ka mutu kahin nan."

A hanyar gida Jika ya miƙa wa Maiguwa ƙullin ƙwayoyin, don haƙorin da ke damun makaɗin tun damina. Cinya na ta zugi a kan jaki, shi kuwa yana sauraron ta.