Kukan Malam Mas'udu a Zaure

Malam Mas'udu na Bungudu munafuki ne. Ranar da dattawan unguwa suka zo ba shi limanci, ya karanta musu labarin ajami na wani attajiri da ya ƙi iyayensa ya tozarta. Malam ya yi kuka har gemu ya jiƙe.

Sai ga mahaifiyarsa daga Karakkai cikin tsumma. Ta tsaya bakin zaure, ta kawar da kai, ba ta kira shi ba.

"Mabaraciya ce," in ji Mas'udu. "Ko sunana ba ta sani ba."

Tsoho Manu, ɗaya daga cikin dattawan, ya ce, "Haba Malam! Kunyar ɗan fari ce wannan. Mu ma haifarmu aka yi."

Aka ba wani limancin. Har Mas'udu ya mutu, a sahun baya yake salla.