Haƙoran Cikin Kwalba

"Ku matso ku gani, wallahi haƙora ne!" in ji ɗan ƙanen Gwaggo Giɓi, yana ɗaga wata kwalba a tsakar gidan hayarmu, ɗaya hannun riƙe da waya yana ɗaukar bidiyo. Ina tsugune bakin famfo ina wanke-wanke. Wasu ƙananan abubuwa farare kamar tsakuwa ne ke yawo a ruwan kwalbar.

Daga dasashin Gwaggo Giɓi aka ciro su, maƙwabciyata da bango kawai ya raba mu. Tun tana yarinya haƙorinta ɗaya na sama bai fito ba, sunan ya bi ta har tsufa. Saƙa take yi, hulunan jarirai da safa, kuma babu ɗan gidan nan da bai sa aikin hannunta ba. Da kuncinta ya kumbura har ya soma danne ido, ni na raka ta asibiti.

"Ba ciwon daji ba ne, Mama," in ji likitan. "Haƙorin yana ciki tun ƙuruciya. Naman da ke riƙe shi ne ya yi kauri, ya naɗe shi, ya hana shi fitowa. Sai ƙari ya fito a wurin, ya yi ta 'ya'ya."

Gwaggo ta yi dariya da gefen baki. "To, ni da ban haihu ba, ashe a baki na tara su."

Ɗan ƙanen nata yana wurin, shi ya dawo gida da maganar tare da kwalbar. Kafin Gwaggo ta dawo daga asibiti, matar mai shago, wadda jaririnta ya rasu bara, ta gama yanke hukunci.

"Haƙoran yara ne. Ita da bakinta ta ce 'ya'ya ne. Maita ai ba ta wuce haka."

Aka kwaso huluna da safa aka watsa a kwata. Har yau ina ganin wata 'yar hula ruwan hoda da ta maƙale a bakin rariya, ruwan wanke kifi na bi ta kanta.

Gwaggo na da ciwon suga, ɗinkin ya ƙi kamewa. Ya soma ruwa, sannan mugunya. Warin kan tare mutum tun daga labule, ƙudaje su yi baƙi a kan matashinta. Nakan cika baki da numfashi in shiga, in goge mata da ruwan gishiri, in fito in yi kakarin amai a bayan ɗaki. Ɗan ƙanen ya tafi da kwalbarsa, wayarsa kullum a kashe. Da na nemi wanda zai kama min ita mu koma asibiti, kowa ya ja ƙofarsa.

"'Yar nan," ta ce da ni wata safiya, maganar na fita da ƙyar, "kwana biyu ban ji yara a ƙofata ba."

"Makaranta ce, Gwaggo."

Ta dube ni da idon da bai kumbura ba. "Har da masu rarrafe?"

Da hantsi zazzaɓi ya rufe ta. Kafin mai motar da na kira ya iso, ta cika.

Sai ga su sun cika tsakar gida, an ja mayafi ana salati. Matar mai shago ta matso kusa da ni, ta rage murya.

"Allah ya ba ki lada, Maman Biyu. Da kika wanke ta, kin leƙa bakin? Akwai saura?"

Na tashi na bar mata tabarmar.

Da yamma aka yi yayyafi. Silifas ɗin Gwaggo na nan a bakin ƙofarta, ɗaya a kife, ɗaya ya tara ruwa. Masu wucewa sai su kauce, su bi ta jikin bango.