Jakin Zakiyyu

Gogen mahaifinmu Ɗantsoho suna gare ta, Zabiya, kuma daga Sandamu har Mai'adua ta fi shi suna. Kakan kakansa ne ya zo da ita daga arewa. Maroƙa na rantsuwa cewa ita ɗin ce tun asali, mu kuwa 'yan gida mun san ƙwaryar ta fashe an sake, fatar guza an sake, sandar ma gara ta ci an sake. Amma wa ke ƙaryata maroƙi yana koɗa gidansu?

Baba ya bar maza biyu, Saminu da Zakiyyu, sai ni Murjanatu da nake kai saƙo a tsakaninsu. Tun faɗan da suka yi kan iyakar gona ko gaisuwa ba sa yi. Abin ya ci wa Baba rai. Da ciwo ya tsananta ya tara mu ya ce, "Goge na ba Saminu. Jakin kuwa na Zakiyyu ne."

Bayan sadakar arba'in Saminu ya rataya Zabiya, hancinsa a sama. Zakiyyu aka miƙa masa igiyar tsohon jakin da ke bayan rumbu, mai cizo, mai harbi. Ya ja shi yana huci, jakin na jan sa baya. Na yi dariya, amma raina ya ɓaci, don na ga gaba ta sami gindin zama ke nan.

Saminu ya buɗe jakar gogen a gida, ya tarar babu ɗan itacen nan da ke ɗaga tsagiya daga kan fata. Bai damu ba, ya sassaƙa wani. Ya tafi biki garin Babban Mutum, ya goga wa tsagiya ƙaro, ya ja. Zabiya ta yi kukan akuyar da aka take wa wutsiya. Wata tsohuwa ta leƙo ta ce ko dai a shafa mata man shanu.

Ya dawo wurin Inna Hadijatu, mahaifiyarmu, ido jajur. Ta aike ni in kira Zakiyyu. Ya zo da jakin, wai a karɓi tsiyar.

"Maida shi turkensa," in ji Inna. "Ubanku bai taɓa mallakar jaki mai ƙafa huɗu ba. Wannan da kuɗin ƙuli-ƙulina na saye shi."

Ta kwance bakin zanenta, ta fito da ɗan itace baƙi, sumul, bai kai ɗan yatsa ba.

"Kai da kake goga, me ake ce wa wannan?"

Saminu ya sunkuyar da kai. "Jaki."

"To, ga jakin Zakiyyu. A jikin Zabiya shi kaɗai ne ba a taɓa sakewa ba."

Na ce, "Inna, kin sani kika yi shiru?"

"Wa ya tambaye ni? Kuma jakina ya samu mai yi masa ciyawa."

Saminu ya ce a sayar masa. Zakiyyu ya ce ko da raƙumi. Shi ma ya nemi gogen, Saminu ya ce sai dai bayan ransa. Inna ta shimfiɗa tabarma guda ɗaya tal a zaure ta koma ciki.

Suka daɗe a tsaye, kafin Zakiyyu ya zauna, ya sa jakin da hannunsa ƙarƙashin tsagiya. "Aro ne, Yaya. Kana gamawa zan zare abina."

Saminu ya ja. Muryar da muka tashi da ita ta cika zauren, har na juya ina neman Baba a bakin ƙofa. Na yi kuka, ban ɓoye ba.

Yanzu duk bikin da aka kira Zabiya babur ɗaya suke hawa, goge a bayan Saminu, jaki a aljihun Zakiyyu. Suna tafe suna faɗa kan iyakar gona. Inna ta ce a bar su, ai faɗa ma magana ce.